Neman kalma: yaya za mu ce "dilatation du temps" da Hausa kafin Alhamis?

Mai Shirin Kimiyya, Garwa: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Ran Juma'a zan gabatar da shiri a rediyo kan nazariyyar Einstein ta 1905, wadda ta ce gudun haske, kusan kilomita 300,000 a sakan guda, ɗaya ne ga mai tafiya da wanda ke tsaye. Takarduna duk da Faransanci suke, kuma abu biyu sun tsaya mini a wuya: dilatation du temps da contraction des longueurs. Na rubuta "faɗaɗar lokaci" na karanta wa Inna, sai ta ce lokacin tabarma ne? Alhamis da safe za a ɗauki murya, a taimaka.

Ɗan Kusiri: Kumburin lokaci. A lise, wato sakandare, ai cewa aka yi dilatation shi ne ƙarfe ya sha zafi ya kumbura.

Uwar Biyu, Ngaundere: Kumburi kuma? Sai masu sauraro su fara bugo waya suna neman magani. Ni dai "jinkirin agogo", gajere kuma kowa ya gane.

Malamin Fizik, Marwa: Wa alaikis salam ƙanwata. Hajiya, a yi mini afuwa, jinkirin agogo zai sa a ɗauka batir ne ya yi sanyi. Agogon lafiyarsa lau. A ce jirgin ƙasan da ke tashi daga Ngaundere zuwa Yawunde yana gudun kashi 87 cikin 100 na gudun haske. Mai tsaye a tasha zai auna cewa duk sakan biyu nasa, sakan ɗaya ne ya wuce a cikin jirgi: agogo, bugun zuciya, tafasar shayi, komai. Fasinja kuwa ba ya jin wani canji, hasali ma shi agogon tasha zai ce yana jan ƙafa. Don haka na fi son "miƙewar lokaci". Na biyun kuma "gajercewar tsawo": jirgi mai mita 200, ɗan tasha zai auna shi mita 100.

Ɗan Kusiri: Malam, me ya hana ƙanƙancewa ko tsukewa?

Malamin Fizik, Marwa: Abin da ya ƙanƙance ta ko'ina yake raguwa, tsukewa kuma faɗi take ci, kamar bakin wando. A nan faɗin jirgi da tsayinsa ba sa taɓuwa, ta fuskar da ya dosa kawai yake gajercewa. Masana kimiyya FitzGerald a 1889 da Lorentz a 1892 su suka fara kawo zancen, don su warware sakamakon gwajin da Michelson da Morley suka yi kan gudun haske a 1887.

Baba Tafinta, Injamena: Yara, miƙewar nan taku Faransanci ne aka sa wa babbar riga. Bahaushe in ya ce abu ya miƙe, ko ya tashi tsaye ne ko ya daina karkacewa. Shekara da shekaru ina tafinta, ga kalmar da ta dace: talalar lokaci. Akuyar da aka yi wa ɗaurin talala tana kiwonta, gani take a sake take, ba ta san an tsawaita mata igiya ba. Mai kallo daga waje shi ke ganin igiyar. Ba abin da malaminku ya gama faɗa ke nan ba?

Uwar Biyu, Ngaundere: Wallahi Baba ta yi daɗi a kunne.

Malamin Fizik, Marwa: Allah ya ƙara girma, Baba, hikimar ta fito. Sai dai talala tana da turke, kuma akwai mai akuya da ya san gaskiyar tsawon igiya. Abin da Einstein ya rushe ke nan: babu turke. Ɗan tasha da fasinja kowa awonsa daidai ne a wurinsa.

Baba Tafinta, Injamena: Turken shi ne gudun haske. Mai shirin da bakinta ta ce ba ya canzawa.

Ɗan Kusiri: Baba ya ci wannan! Amma ni a ganina a duba abin da 'yan Kano suke cewa mu bi, su ke da jami'o'i da ƙamusoshi. Ko a ɗauko ta Larabci, tamaddudiz zaman, tunda ƙetaren gadar Ngeli, a Injamena, kowa na jin Larabci.

Baba Tafinta, Injamena: Ka ji irinta. Kullum sai an leƙa Kano kafin a yi atishawa. Kakanninmu da suka zo fatauci da hanyar hajji suka zauna bakin Shari da Binuwai, ba aron Hausa suka yi ba. Kuma ba na son kalmar aro ko ɗaya, ta Larabawa ko ta Nasara.

Uwar Biyu, Ngaundere: To Baba, ku yi haƙuri, sai ku cire "lokaci" daga talalar taku, don daga al-waƙt na Larabci ya fito. Agogo ma na Yarbawa ne.

Baba Tafinta, Injamena: Baƙon da ya shekara ɗaruruwa a gida ya zama ɗan gari, 'yata.

Ɗan Kusiri: Mu nan in mun yi Hausa a ce ta gurɓata da Fulatanci, in mun yi Faransanci a ce mun watsar da gida. Ina za mu sa kanmu?

Mai Shirin Kimiyya, Garwa: Jama'a don Allah, yau Talata. Yaya Malam, ba ni misali ɗaya na zahiri, kada a ce tatsuniya nake yi.

Malamin Fizik, Marwa: Ɗauki muwon. Wata ƙwaya ce da ta fi zarra ƙanƙanta, da ake samu a sama, wajen kilomita 15, idan haskoki daga sararin samaniya suka bugi iska. Matsakaicin ransa kashi 2.2 cikin miliyan na sakan, wanda ko da gudun haske bai fi ya kai shi mita 660 ba. Amma ga su nan suna isowa ƙasa da yawa. A awonmu ransa ne ya miƙe; a nasa awon, tazarar ce ta gajerce. Shi ya sa nake son kalmomin su zo tagwaye, miƙewa da gajercewa, mai sauraro ya ji abu ɗaya ne ta fuska biyu. In kina son na kusa, a 1971 Hafele da Keating sun zaga duniya da agogunan atom a jiragen fasinja, bambancin ya fito. Taurarin GPS ma gudunsu kaɗai na rage wa agogonsu wajen kashi 7 cikin miliyan na sakan kullum.

Uwar Biyu, Ngaundere: Wato in na tura Hassan da irin wannan gudun ya je ya dawo, sai ya tarar Husaini ya girme shi? A bar mini su a gida. Amma me ya sami "nawar lokaci"? Mai nawa ai ba lalacewa ya yi ba.

Malamin Fizik, Marwa: A baki ta yi, Hajiya. A rubuce ne za a karanta ta kamar ana tambayar kuɗin tumatir.

Mai Shirin Kimiyya, Garwa: To na gode. Gajercewar tsawo ta zauna, ban ga wanda ya ja ba. Ɗayar zan ce miƙewar lokaci, in bi ta da bayanin cewa lokacin mai gudu yana nawa a awon mai kallo. Akuyar Baba kuma zan buɗe shirin da ita.

Baba Tafinta, Injamena: Gajercewa ba laifi. Miƙewa kam ban sa hannu ba. In kin kawo akuyar ki faɗi turken, kada malaminku ya cire shi.

Ɗan Kusiri: Saura relativité kanta, sunan nazariyyar ta Einstein, wa ya fassara ta?

Mai Shirin Kimiyya, Garwa: Kai dai Allah ya shirye ka. Wannan sai bayan Juma'a.