Neman shawara: koyar da Fiziks da kwamfuta inda babu kayan gwaji

Assalamu alaikum malamai. Ina koyar da Fiziks a SS2 da SS3 a wata sakandaren gwamnati. Ɗakin gwajinmu suna ne kawai, mitocin lantarki duk sun lalace, ga aji cike maƙil. An kawo mana 'yan kwamfutoci, sai shugaban makaranta ya ce in riƙa yin firatikal a kansu. Abin da ke damuna shi ne, ran jarrabawar WAEC da NECO kayan gaske ake ajiye wa yaro. Don Allah wanda ya taɓa gwadawa ya ba ni shawara.

Wata malama:
Wa alaikumus salam Malam. Nemi PhET, shafin gwaje-gwajen kimiyya na kwaikwayo a kwamfuta, na Jami'ar Colorado Boulder da ke Amurka. Carl Wieman, wanda ya samu kyautar Nobel a Fiziks a 2001, shi ya kafa shi a 2002. Kyauta ne, kuma in ka sauke yana aiki ba intanet. Fara da Circuit Construction Kit: yaro zai haɗa batir da waya da ƙwan fitila, ya ƙara batir ya ga haske ya ƙaru. Amma kafin su danna komai, sa su rubuta abin da suke zaton zai faru, in ba haka ba wasa za su mayar da shi.

Wani tsohon malami:
Ƙanena, damuwarka a kan hanya take. A kwamfuta waya ba ta kwancewa, allurar mita ba ta rawa, kullum awo ɗaya yake fitowa. Yaron da a nan kaɗai ya koya bai san maimaita awo da ɗaukar matsakaici ba, balle zana giraf a takarda, alhali maki masu yawa a wurin suke. Gwajin fendulom (nauyi da aka rataya da zare yana lilo) ba ya cin kuɗi: zare, noti na ƙarfe, rula da agogon waya sun isa. Su ƙirga kai-kawo 20, su canza tsawon zaren, su lissafo g, wato ƙaruwar saurin abu mai faɗowa saboda jan ƙasa, su ga ko ta kusa 9.8. Daga baya ka buɗe musu Pendulum Lab na PhET, su mayar da shi duniyar wata ko Jupita su ga bambanci. Wannan kam kwamfuta ce kaɗai za ta nuna musu.

Wani malami:
Kada ka dogara da wuta, Malam. Sauke gwaje-gwajen PhET a wayarka, ka tura wa masu waya ta Xender su gwada a gida. Mitocin kuma ka tambayi makarantar da ke kusa da ku, ko aron mako guda suka ba ka kafin jarrabawa zai taimaka.