Waɗanda suka bar koyarwa a jami'a suka koma rubutu da horarwa, me kuka tarar?

Malama a Mararraba: Assalamu alaikum. Ina koyarwa a jami'a, na gama digirin digirgir, ƙarin girma na gaba yana jiran in fitar da maƙaloli a mujallun ilimi. Amma zuciyata ta koma kan rubutun ƙirƙira da zama da mutane ɗaya bayan ɗaya ina taimaka musu su tsara aikinsu, wato horarwa (coaching). Waɗanda suka riga ni ajiye aiki, don Allah ku faɗa mini abin da ya same ku.

Tsohon Lakcara: Wa'alaikumus salam, Dakta. Rashin albashin ƙarshen wata ya girgiza ni, amma rashin suna ya fi. Da aka fara tambayata "ina kake aiki yanzu?" sai bakina ya yi nauyi, domin a da sunan sashe da na jami'a ne ke amsa mini. Imel ɗin aiki ma ya rufe, da shi damar karanta mujallun da ɗakin karatu ke biya. Ki kwashe takardunki da adireshin abokan bincike tun kina ciki. In dokar wurinku ta yarda da hutu ba albashi, ki fara da shi.

Mai Horarwa: 'Yar'uwa, kada ki ɗauka wanda ya iya koyarwa ya iya horarwa. Mu malamai mun saba cika aji da magana. A nan kuwa tambaya za ki yi, ki kama bakinki. Na taɓa zama da wata da kundin digirinta ya tsaya cik. Amsa tana kan harshena, na danne, na ce mata, "Wane babi ne kike gudun buɗewa?" Ta yi shiru har na zaci intanet ce ta yanke, sannan ta ce tsoron mai duba aikinta ne ya hana ta rubutu, babin kam ta san abin da za ta sa a ciki. Da na yi mata lacca, da ban ji wannan ba.

Sana'ar tana da ƙofa a buɗe, kowa na iya kiran kansa mai horarwa, shi ya sa na nemi shaida. Ƙungiyar masu horarwa ta duniya, ICF, wadda aka kafa a 1995, tana neman awa 60 na horo da awa 100 na zama da mutane kafin ta ba da matakin farko, ACC. Kuma ki san iyakarki: wanda ciwon damuwa ke ci, wurin likita za ki tura shi.

Alƙalami Sabo: Ni rubutu na koma. Editata ta ja layi a kan shafin farko gaba ɗaya, ta ce ina kare kaina kamar ina gaban kwamitin jarrabawa. Sai da na sake koyon gina jimla. Kindle Direct Publishing, dandalin Amazon da marubuci ke wallafa littafinsa da kansa, yana biyan kashi 35 ko 70 cikin ɗari na kuɗin littafin da ake karantawa a na'ura, ya danganta da farashin littafin, amma tallan duk a wuyanki yake. Gyaran rubutun wasu ne ya riƙe ni kafin littafin ya fara motsi.

Mai Ɗakin Gwaji: Ku yi haƙuri, ni na dawo. Kewar ɗalibai da ɗakin gwaji ta hana ni sakat. Komawar ba ta zo da sauƙi ba, domin a kimiyya giɓin shekarun da ba ka wallafa komai ba shi ake fara gani a takardunka. Yanzu ina koyarwa na wucin gadi, ina horarwa da yamma.

Malama a Mararraba: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Ɗaliban da nake duba kundinsu fa? Su ne suka fi tsaya mini a rai.

Tsohon Lakcara: Ki kai waɗanda suka kusa gamawa har ranar kare kundi. Sauran ki zauna da shugaban sashe, ki miƙa kowanne ga malamin da ya san fanninsa, kuma su ji labarin tafiyarki daga bakinki kafin takardar ajiye aiki ta fita.