Yayana ya ɗauka caca muke yi a zaure, don Allah ku ba ni shawara

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin don Allah a sakaya sunana.

Ni magidanci ne, shekarata 35, gyaran waya nake yi a Farm Centre, muna zaune a gidan gado a Gwammaja da iyalina. Akwai wasan da muke yi ni da abokaina huɗu duk daren Asabar bayan Isha'i a zaure, to yanzu ya jawo mini magana.

Bari in ɗan yi bayaninsa. Tatsuniya ce, sai dai masu sauraron su ne mutanen cikin labarin. Ni ke jan zare, kowannensu yana da wanda yake wakilta, an rubuta ƙarfinsa da wayonsa da rauninsa a takarda. In na ce "ga ku a bakin ƙofa, a kulle take," kowa sai ya faɗi dabararsa. In abin mai wuya ne a jefa ɗan lido, amma namu fuska 20 gare shi ba 6 ba, lambar da ta fito ita ke nuna ko dabarar ta ci. Ba mai cinyewa, ba wanda ake cinyewa. A Amurka aka faro shi, a 1974 Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da Dungeons & Dragons, na dodanni da matsafa. Ni wannan ɓangaren bai kwanta mini ba, namu na sararin samaniya ne. Wata takwas ke nan muna cikin jirgi ɗaya mai suna Shamuwa.

Tun ina yaro nake da wannan cutar. Sa'annina na yin motar kara, ni kuwa sai na lanƙwasa tawa ta zama roka, in manna mata gwangwanin madara a gindi. Lokacin zafi in mun kwanta a tsakar gida Inna ta nuna mana Kaza da 'Ya'yanta, ni tambayata ɗaya, su waye a can?

Ga abin da ya faru. Asabar ɗin da ta wuce Shamuwa ta lalace a duniyar Mas, ruwan sha ya kusa ƙarewa, kuma saƙo daga can zuwa nan yakan ɗauki minti 3 zuwa 22, don haka ba mai kawo ɗauki da wuri. Mun baza tsofaffin kwabbai a kan tabarma a matsayin tankunan ruwa. Abokina ya ɗauki ɗan lido yana girgizawa yana cewa "Allah ba ni ashirin, Allah ba ni ashirin!" Sai ga Yaya ya yi sallama. Ya kalli kwabban, ya kalli hannun abokina, ya juya ya fita. Da safe ya kira ni ɗakin Inna ya ce ba za a mai da zauren mahaifinmu gidan caca ba. Na buɗe baki, ya ce in rufe masa shi. Ita kuma maiɗakina dama tana ƙorafi, wai gemai-gemai da ni ina wasan yara.

In daina ne, ko akwai yadda zan fahimtar da su?

Wani daga Kurna:
Malam ka daina kawai. Mai 'ya'ya da tafiya duniyar Mas a kan tabarma? Haba.

Wata malamar firamare daga Hotoro:
Mai Kurna, waɗanda ke kwana a gidan kallo suna musu kan ƙungiyar Ingila da ba ta san da zamansu ba fa? Su ba wanda ya ce musu yara. Ɗan uwa, ni ta ɓangaren maiɗakinka zan yi magana. Mu mata in muka ce "wasan yara" sau da yawa ba wasan muke nufi ba. Litinin zuwa Asabar kana kasuwa, daren da ya kamata a zauna a yi hira kuma kana zaure tana jiyo dariyarku ta taga har sha biyu. Ka faɗa mana gaskiya, ƙarfe nawa kuke tashi? Kuma wa ke dafa shayin da kuke sha?

Wani ɗalibin ilimi daga Gadon Ƙaya:
Kada a ga laifin Yaya da sauri. Ko babu kuɗi, shi kansa ɗan lidon akwai magana a kansa. Hadisi ya zo a Sahihu Muslim mai tsanani a kan wasan nardi, wani wasa da ake yi da jifan ɗan lido, kuma malamai da yawa sun shigar da duk wasan da ya dogara da jifan sa'a a ƙarƙashinsa. Ni ba zan ba ka fatawa a nan ba. Ka je wurin malamin da Yayanka yake girmamawa, ka kwatanta masa wasan yadda yake ba ragi ba ƙari, in da hali ku je tare. Sannan abokinka ya daina kiran sunan Allah a kan jifa.

Wani tsohon ma'aikaci daga Yakasai:
Yaro, ka tuna mini da ƙuruciya. Abin da kake kwatantawa ba baƙo ba ne a wurinmu, suna kawai aka sake masa. Mu da muka yi tashe a cikin birni, in azumi ya kai goma, wannan ya manna gemun auduga ya zama tsoho, wancan ya cusa tsumma a riga ya zama mai ƙaton ciki, kowa ya riƙe matsayinsa har a gama zagaya unguwa. 'Yan mata na aurar da 'yar tsana da lefe da komai. A fada ma akwai wasan gauta, inda ake kwaikwayon sarki da hakimansa. Ko labarin sararin samaniya da Hausa, Umaru Dembo ya rubuta Tauraruwa Mai Wutsiya tun 1969, mun karanta shi a makaranta. Kuskurenka ɗaya, ka shigo da abu gidan gado ba ka fara gabatar da shi ga manya ba. Kada ka tunkari Yayanka da hujja yanzu, zuciyarsa ba ta huce ba. Ka ba shi haƙuri tukuna, ka bi ta wajen Inna. Ita ta yi muku Gizo da Ƙoƙi, ita za ta fi kowa ganewa.

Wani ɗalibin BUK:
Yallaɓai akwai irin wannan wasan da ba a jifa ko kaɗan. Ka ba kowa tsakuwa goma irin ta dara. Wanda ke son dabararsa ta ci ya biya da tsakuwa, in ta ƙare masa ya shiga uku sai abokai sun cece shi. Lissafi ya maye gurbin sa'a ke nan. Kwabban kuma a nemi murafen lemo. Af, akwai gurbi a Shamuwa? Ina karanta injiniyanci, zan iya gyara muku tankin.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai. Malama kin kama ni, wani lokacin har ɗaya saura muke kaiwa, kuma ita ke dafa shayin. Na ji kunya da na karanta. Baba na Yakasai, na bi shawararka jiya da daddare. Na zauna da Inna na ja mata labarin tun daga farko, ba ɗan lido ba takarda. Da na kai inda ruwa ya ƙare na ce, Inna in ke ce ya za ki yi? Ta yi shiru, can ta ce ai laifin mai jan ragamar jirgin ne, wa ke doguwar tafiya ba randa ta biyu? Ta ce za ta yi wa Yaya magana, amma kada in sake ta ga kwabo a tabarma. Malamin kuma sai ranar Juma'a za mu je, in Yaya ya yarda ya raka ni. Wannan Asabar ɗin dai ba zama, Shamuwa na nan a Mas da tanki biyu.

Wani daga Kurna:
To wai a ƙarshe sun samu ruwan ne ko kuwa?