Wace kalma za mu kira “palette” da Hausa?

'Yan'uwa masu sha'awar tsofaffin gem na hannu, ku taya ni. Ina son yin bayani a kan abin da ke bambanta kamannin wasannin Game Boy da na Game Gear, sai kalmar “palette” ta tsaya mini a wuya. A rubuta “falet” a wuce bai gamsar da ni ba, don wanda bai san abin ba, ba zai tsinci komai a ciki ba.

Bari in fara da yadda abin yake aiki, don daga nan sunan zai fito. Game Boy na 1989 launi huɗu kacal yake nunawa, daga mai haske zuwa mai duhu. Kowane ɗigo na hoton ba launi yake riƙe da shi ba, lamba ce tsakanin 0 da 3. Wani ɗan jadawali ne daban yake cewa lamba kaza ga launinta, shi ne “palette” ɗin. Ka taɓa jadawalin nan, hoton gaba ɗaya ya sauya ba tare da an sake zana ko ɗigo ɗaya ba. Da haka ake sa fuskar na'urar ta yi duhu a hankali idan an gama mataki. Shi kuwa koren nan da kowa ke tunawa, na gilashin ne, wasan bai san da shi ba. Shi ya sa da Game Boy Pocket ya fito a 1996, wasannin dai su ne, amma suka koma ruwan toka.

Wani ɗan'uwa ya ce “jerin launuka”. Ba laifi, sai dai jeri yana iya kai dubu, alhali takura ita ce ruhin abin. Game Boy Color na 1998 ya san launi 32,768, amma 56 ake gani a lokaci guda: jadawali takwas masu launi huɗu-huɗu na bango, wasu takwas masu launi uku-uku na abubuwa masu motsi, don ɗaya daga cikin huɗunsu ana barinsa fanko a riƙa hango abin da ke baya. Wancan 32,768 ɗin ne jeri. Mu sunan 'yan huɗu-huɗun nan muke nema.

“Kason launi” ya fi kusa, don kaso rabo ne da aka yanka maka, ba ka wuce shi. Na so shi ƙwarai, amma bai nuna cewa ana cirewa a sa wani ba.

Ni dai na tsaya a kan “zubin launi”. Zanen kamar mazubi ne, launin ake zubawa a ciki, a juye a sake wani zubin. Kuma dama muna cewa zubin abu kaza ya yi kyau, wato kamanninsa. Ku gwada shi a baki: “Super Game Boy na 1994, mai nuna wasannin Game Boy a talabijin, ya zo da zubin launi 32.” “In ka sa tsohon kaset a Game Boy Color, kana iya zaɓar zubi ɗaya cikin 12 ta danna maɓallai yayin da yake tashi.” “Wannan dodon da wancan zane ɗaya ne, zubi aka canza.” Duk sun zauna, ba gargada.

Inda na fi jin daɗinsa shi ne batun Game Boy Advance na 2001. Fuskarsa ba ta da fitila, don haka masu zane da yawa suka ƙara wa zubinsu haske don a iya gani. Yau in ka buɗe irin wasannin a waya, sai launin ya yi ta kashe ido, har ka zaci masu zanen ne ba su iya ba. Zubi ne da aka auna don wani gilashi, aka juye a wani.

Saura jam'i. “Zube-zuben launi” ya yi mini nauyi, na fi son a ce “zubi takwas” kawai. Malaman Hausa da ke nan, me kuka gani?