Me ya sa mata ba sa kaiwa sama a gidajen talabijin na dish?

Ummu Hanan:
Salam yan uwa. Ƙanwata ce ta gama mas kom (karatun aikin jarida) tana son aikin talabijin, to ni abin da na lura in ka kunna tashoshin DStv ko StarTimes mata ne cike a gaban kyamara, labarai, girki, hira, amma da an fara jero sunaye a ƙarshen shiri darakta namiji, mai kyamara namiji, edita namiji. Wai hana su ake yi ko su ne ba sa so?

Ɗan Fagge:
Hajiya ba hanawa ba ne, aikin ne ba shi da lokaci. Editin sai a kai sha biyun dare, wane miji ne zai yarda?

Yar Katsina:
Haba malam, nas-nas fa kwana suke a asibiti kuma da aurensu. Magana ta gaskiya ƙarin girma a wajen shan shayi ake ƙulla shi bayan an tashi aiki, mace ta tafi ɗauko yara, ta je haihuwa ta dawo an ba wani shirinta. Kuma ai ana kaiwa, Mo Abudu ta buɗe EbonyLife TV a DStv a 2013, nan Kano ma Hajiya Sa'a Ibrahim ta riƙe ARTV, gidan talabijin na jiha, har ta shugabanci BON, ƙungiyar gidajen rediyo da talabijin ta Najeriya.

Baban Amira:
Ƴata, ki ce mata kar ta tsaya a karanta labarai kawai, ta koyi editin da tsara kasafin shiri, masu riƙe kuɗi su ake ba kujera. Allah ya ba ta sa'a.