Domen da hostin: me za mu ce da Hausa in za a haɗa su?

Shekaranjiya ƙanwata mai sayar da turaren wuta ta kira ni rai a ɓace. Ta biya kuɗin domen, ta biya na hostin don shagonta ya samu shafi a intanet, amma in ta rubuta sunan shagon a waya babu abin da ke fitowa. "Yaya, damfarata aka yi ko?" Na ce a'a, ba a haɗa su ba ne. Ta ce a haɗa me da me? Nan na yi turus, don duk bayanin da ke bakina na Turanci ne. Shi ya sa na kawo maganar gaban jama'a muka tattauna, ga kuma inda muka kwana.

Hostin bai ba mu wahala ba: masauki. Kamfani ne ke ba ka hayar wuri a kwamfutarsa wadda ba a kashewa dare da rana, ka jibge hotunanka da rubutunka, mai nemanka ya same ka a can. Haka fatake suke yi a zango, mai masauki ya ba su ɗaki, ya tsare musu kaya. Wani ya ce rumbu. Rumbu kuwa rufe shi ake yi, ba a kai baƙo ciki. Masauki ya zauna.

Domen, wato sunan da ake rubutawa don a buɗe shafi a intanet, shi ne ya ja mu. Na sha ganin "sunan yanki" a rubuce-rubuce, kuma ban yarda da shi ba ko kaɗan. Ka ce wa mutumin Kantin Kwari ya sayi sunan yanki, zai tambaye ka Arewa maso Yamma ko maso Gabas? Masu cewa adireshi sun fi kusa, sai dai akwai abin da ya fi cancantar wannan kalma, wato lambar nan mai gida huɗu da ɗigo a tsakani, wadda kwamfutoci ke gane juna da ita. Kwamfuta lamba ta sani, sunan don mu aka yi shi.

Wani malami daga Damagaram ya kawo inkiya, ta kuma burge ni. Amma inkiya mutane ne ke laƙaba maka kyauta, ta bi ka har kabari. Wannan kuwa rajista ake yi, ana sabuntawa, in ka yi sake wa'adi ya wuce wani na iya ɗauka. Don haka na tsaya a kan suna mai rajista, a taƙaice suna. Ƙarshensa kuma wutsiya: .ng ta Najeriya wadda NiRA ke kula da ita, .ne ta Nijar, .gh ta Gana.

To, haɗawar fa? Da yawa sun ce jonawa. Jona wuta muka sani, waya da waya. A nan babu wayar da ake jonawa, kuma wannan kalma ce ke sa mutane zaton da an danna shi ke nan. Abin da ake yi kwatance ne. Kana gaya wa duniya cewa mai neman wannan suna ya nufi masauki kaza. Tsarin da ke riƙe da kwatancen shi ne DNS, wanda Paul Mockapetris ya tsara a 1983. Kafin nan fayil guda ake ajiyewa a wata cibiyar bincike a Kalifoniya, kowa ya je ya kwafo, har sunaye suka fi ƙarfinsa.

Ga yadda muka yi da ita. Na ce ta buɗe saƙon imel da mai masauki ya turo ranar da ta biya. Can ƙasa akwai layi biyu, ɗaya ya fara da ns1, ɗaya da ns2. Waɗannan su ne masu kwatance. Ta kwafe su, ta shiga inda ta yi rajistar suna, ta goge na da, ta liƙa sababbin, ta adana. Ko minti biyar ba mu yi ba. (Akwai wata hanyar, a bar masu kwatancen yadda suke a rubuta lambar masaukin kai tsaye, amma ban so in rikita ta.)

Kalmar kwatance ta ƙara yi mini rana bayan awa guda, da ta sake kira wai a layinta ɗaya shafi ya buɗe, a ɗayan shiru. Na ce kin san in mutum ya tashi daga unguwa, mai shayin bakin titi yakan yi kwanaki yana tura baƙi tsohon gida? Kwamfutocin kan hanya ma suna riƙe tsohon kwatance na ɗan lokaci kafin su sake tambaya, shi ya sa kamfanoni ke cewa a jira har awa 48. Ta ce, "Au, ashe labari ne bai gama bazuwa ba." Ita ta raɗa wannan, ba ni ba, na kuma karɓa.

Jimlar da zan riƙa amfani da ita ke nan: yi wa suna kwatance zuwa masauki. Wanda ke da ja a kan "suna mai rajista" ya kawo nasa, don ni ma ina jin ya ɗan yi tsawo.