Neman shawara: an ɗora mini rubuta rahoto kan ɗan majalisarmu na tarayya, amma na rasa inda zan ga yadda ya kaɗa ƙuri'a

Sakataren Ƙungiya:
Assalamu alaikum iyayena da 'yan'uwana. Ni ne sakataren ƙungiyar ci gaban garinmu, kuma ina cikin damuwar da ta hana ni sukuni. Ƙungiyar ta fara ne da karo-karon gyaran maƙabarta da yashe magudanan ruwa kafin damina, daga baya muka ƙara da biya wa marayu kuɗin jarrabawa, kuma tun kafuwarta dattawa suka gindaya sharaɗin cewa ba za ta shiga siyasar jam'iyya ba. Kawuna ne shugaba, shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifina, shi ya sa ni makaranta, kuma shi ya tsaya har aka ba ni wannan muƙami. A bara ɗan majalisarmu na wakilai, wanda ya shiga majalisa a watan Yunin 2023, ya kawo rijiyar burtsatse a unguwar kawu da fitilu masu aiki da hasken rana a bakin kasuwa. Tun daga nan wasu dattawa suke son ƙungiya ta fito ta yi masa godiya a bainar jama'a kafin zaɓen 2027, matasa kuma suka ce atafau ba su yarda ba. Sulhun da aka yi shi ne in rubuta rahoto kan aikinsa a majalisa, in karanta a babban taro.

Na nemi sanin matsayinsa kan dokokin gyaran haraji, waɗanda gwamnonin Arewa suka yi watsi da tsarin rabon harajin sayen kaya (VAT) da ke cikinsu a taron Kaduna na Oktoban 2024, da kuma kan dokar ta-ɓacin da aka sa a Jihar Ribas a watan Maris na 2025. Ban ga sunansa ko a wuri ɗaya ba. Saboda haka na rubuta cewa ya yi shiru a lokacin da ake bukatar muryarsa, kuma shirun nasa goyon baya ne. Na riga na tura wa wasu 'yan kwamiti rubutun, kawu bai gani ba tukuna. Shin in karanta shi haka, ko in janye?

Tsohon Ma'aikacin Majalisa:
Wa alaikumus salam. Ɗana, ka janye wannan jimlar yau ɗin nan, domin abin da kake nema babu shi, kuma rashinsa ba laifin ɗan majalisarku ba ne shi kaɗai. Majalisar Wakilai mai mutum 360 da ta Dattawa mai mutum 109 duk da murya suke yanke mafi yawan hukunci: mai jagorantar zama ya ce masu goyon baya su amsa, masu adawa su amsa, sannan ya buga guduma bisa abin da kunnensa ya ji. Ba a rubuta sunan kowa. Ita kanta dokar ta-ɓacin Ribas da ka ambata, da murya majalisun biyu suka amince da ita ranar 20 ga Maris, 2025, alhali sashe na 305 na tsarin mulki yana bukatar kashi biyu bisa uku na 'yan kowace majalisa, kuma a kan haka ne lauyoyi da dama suka yi ta suka. Lokacin da ake kiran suna ɗaya bayan ɗaya shi ne idan wani ya ƙalubalanci hukuncin guduma ya nemi a ƙirga, kamar yadda Sanata Enyinnaya Abaribe ya yi a Yulin 2021 kan aika sakamakon zaɓe ta na'ura, inda aka tashi 52 da 28, kowa ya ga inda sanatansa ya tsaya. Irin wannan ba kasafai yake faruwa ba. Idan rahoto kake so na gaskiya, ka nemi ƙudirorin dokar da ya gabatar da matakin da suka kai, ka nemi kwamitocin da yake ciki, ka karanta kundin muhawara da ake kira Hansard. Wane kwamiti yake? Ba ka faɗa mana ba.

Malamar Asibiti:
Malam Sakatare, Allah ya ba ka mafita. Ni dai ina ganin kun bar jaki kuna dukan taiki. A ƙaramin asibitin da nake aiki, wanda namu ɗan majalisar ya gina ya rubuta sunansa da manyan baƙi a bango, babu ruwa, babu ungozoma ta dare, kuma mata masu naƙuda a bayan babur ake ɗaukarsu zuwa babban asibiti. Ranar buɗe ginin an yi kiɗa an raba atamfa, daga nan ba mu sake ganin kowa ba. Mun rubuta takarda mun kai ofishinsa na mazaɓa, muka tarar da shi a kulle. Ku auna mutuminku da wannan: in kun je ofishinsa kuna samun mai saurarenku?

Tsohon Ma'aikacin Majalisa:
Hajiya, kukanki gaskiya ne, amma ɗaukar ungozoma da zuba magani a asibitin matakin farko aikin jiha da ƙaramar hukuma ne. Ɗan majalisa yana ba da sunan aiki ne a sa cikin kasafin kuɗi, ƙarƙashin ayyukan mazaɓu da aka daɗe ana ware wa naira biliyan 100 a shekara, sannan wata ma'aikata ko hukumar tarayya ta ba da kwangilar. Wannan ma ya shafe ka, Sakatare: rijiyar unguwar kawunka, in ta wannan hanya ta zo, kuɗin gwamnati ne, ba kyauta daga aljihunsa ba. Ka duba kasafin shekarar, ka ga nawa aka ware, rijiya nawa aka rubuta, kuma nawa aka haƙa. Hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC tana bin sawun irin waɗannan ayyuka tun 2019, masu shirin Tracka na ƙungiyar BudgIT mai sa ido kan kasafin kuɗi ma suna yi. Nan ne za ka samu hujjar da za ta tsaya a gaban taro.

Sakataren Ƙungiya:
Na gode Baba, na kuma ƙaru. Sai dai ban yarda cewa jimlar tawa ƙarya ce ba. A lokacin da ake takaddamar haraji akwai 'yan majalisar Arewa da suka fito a rediyo da talabijin suka faɗi matsayinsu ƙarara, har aka san su da shi. Namu bai yi hira ko ɗaya da na ji ba, bai kira taron mazaɓa ya tambaye mu ra'ayinmu ba, kuma shiru ma magana ce. Ba zan iya tsayawa gaban matasan da suka amince da ni in karanta musu lissafin rijiya kawai ba.

Ɗalibin Shari'a:
Yaya, ni ina bayanka, kuma ina ganin rahoto ma ya yi kaɗan. Sashe na 69 na tsarin mulki ya ba ku damar yi masa kiranye. Ku tara sa hannu ku kai wa INEC. Sashe na 68 kuma ya ce wanda ya ƙaurace wa fiye da kashi ɗaya bisa uku na kwanakin zaman shekara ba tare da uzuri ba ya rasa kujerarsa. Ka rubuta wa akawun majalisa ƙarƙashin dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ka nemi rajistar halartarsa, doka ta ba su kwana 7 su amsa. Mu namu tun da aka rantsar da shi ya sauya lambar waya, mahaifina da ya yi masa wakilcin akwati har yau bai samu ganinsa ba.

Tsohon Ma'aikacin Majalisa:
Yaro, karanta sashe daban, aiki da shi daban. Kiranye yana bukatar sa hannun fiye da rabin masu rajistar zaɓe na mazaɓar gaba ɗaya, sannan a tantance, sannan a yi ƙuri'ar raba gardama. An gwada a kan Sanata Dino Melaye a 2018, ya rushe a wajen tantancewa; an kai ƙorafi kan Sanata Natasha Akpoti-Uduaghan a 2025, INEC ta ce bai cika sharaɗi ba. Ƙungiyar gari guda ba za ta iya abin da ya gagari waɗancan ba. Takardar neman bayanai kam a rubuta, amma kada a ɗaga taro ana jiran amsa. Kuma Sakatare, dokokin harajin da aka sa wa hannu ranar 26 ga Yuni, 2025 ba su ne yadda aka kawo su ba: an bar VAT a kashi 7.5 cikin ɗari, an kuma rage kason VAT da ake raba wa jihohi bisa inda aka yi amfani da kaya daga kashi 60 da aka nema zuwa 30. Wani ɓangare na wannan ciniki a kwamiti da zaman sirri aka yi shi, ba a gaban kyamara ba. Ta yiwu naku yana ciki, ta yiwu ba ya ciki, kai dai ba ka da shaidar ko ɗaya.

Dattijuwar Unguwa:
Ɗana, duk kun tafi Abuja kun bar gida. Mutumin da ya riƙe ka kana maraya bai kamata ya fara jin wannan rubutu daga bakin wasu ba. Ka je ka same shi bayan sallar isha'i, ka karanta masa, sannan ku nemi ɗan majalisar ya zo taron da kansa a yi masa tambayoyin ido da ido. In ya ƙi zuwa, to kun samu abin rubutawa da ba mai musa shi.

Sakataren Ƙungiya:
Inna, na ji maganarki, kuma ba raini ya sa ban kai wa kawu ba. Na san in ya gani zai ce a cire, ni kuma ba zan iya yi masa musu ba, shi ya sa na fara tura wa 'yan kwamiti don a samu masu tsaya wa maganar. Gayyatar ɗan majalisar kuma kawu ne kaɗai yake da hanyar isa gare shi. Zan ƙara lissafin kasafin kuɗi kamar yadda Baba ya ce, zan kuma bayyana cewa da murya ake ƙuri'a, amma jimlar shirun tana nan. Yanzu ɗaya daga cikin 'yan kwamitin ya kira ni yana cewa rubutun ya fara yawo a wayoyin matasa. Baba, idan na sauya kalmar "goyon baya" na ce "bai bayyana mana matsayinsa ba", hakan ya wadatar, ko har yanzu kana ganin in cire sakin layin gaba ɗaya?